Wane Ne Shugaban Ƙasar Nijeriya na Farko? Tsakanin Laƙabi da Iko

Gabatarwa

Wannan tambaya ce da ake yi wa 'yan firamare, amma idan aka jefa ta a tsakanin malamai sai amsa ta rabu uku. Wasu su ce Dakta Nnamdi Azikiwe, wasu su ce Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, wasu kuma su ce Alhaji Shehu Shagari. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa tushen gardamar yana cikin harshenmu, domin da suna guda, wato "shugaban ƙasa", muke kiran muƙamai daban-daban.

Abin da Tarihi ya Nuna

Ranar 1 ga Oktoba 1960 da aka sami mulkin kai, Sarauniya Elizabeth ta Biyu ita ce shugabar ƙasa a bisa doka, Gwamna Janar kuwa wakilinta ne. Azikiwe ya karɓi wannan muƙami daga Sir James Robertson ranar 16 ga Nuwamba 1960. Ragamar gwamnati tana hannun Tafawa Ɓalewa, wanda yake Firayim Minista tun 1957. Haka tsarin yake a nan Kaduna: daga 1962 Sir Kashim Ibrahim ne Gwamnan Jihar Arewa, amma kowa ya san Firimiya, Sardauna Ahmadu Bello, shi ke da wuƙa da nama.

Da ƙasa ta zama jamhuriya ranar 1 ga Oktoba 1963, sai Azikiwe ya gaji matsayin Sarauniya. Iyakar ikonsa ta bayyana bayan zaɓen Disamba 1964, wanda ya zo da rikici. Ya jinkirta kiran Tafawa Ɓalewa ya kafa gwamnati, sai aka nuna masa cewa soja da 'yan sanda daga Firayim Minista suke karɓar umurni. Ranar 4 ga Janairu 1965 ya sauko ya kira shi.

Tsarin mulkin 1979, wanda aka ɗauko salonsa daga Amurka, shi ne ya haɗa laƙabi da iko a hannun mutum guda da jama'a suka zaɓa da kansu. A zaɓen 11 ga Agusta 1979 Shagari ya sami ƙuri'a 5,688,857, Cif Obafemi Awolowo ya bi shi da 4,916,651. Bayan Kotun Ƙoli ta warware taƙaddamar kashi biyu cikin uku na jihohi 19, aka rantsar da Shagari ranar 1 ga Oktoba. Abin lura a nan shi ne, Azikiwe da kansa ya tsaya takara a wannan zaɓe, ya zo na uku. Wannan kaɗai ya isa shaida cewa kujerar 1979 daban take da wadda ya zauna a kai a 1963.

Mizanin Bahaushe

Bahaushe ya daɗe da sanin irin wannan matsala. Littafin Tarihin Kano ya ambaci Barbushe da girman da yake da shi a Dala, amma jerin sarakuna daga Bagauda ya fara, domin a kansa aka kafa sarautar da ake lissafawa. Ke nan ana ƙirga na farko ne daga kafuwar muƙami, ko da an yi wani mai faɗa-a-ji kafinsa. A bisa wannan mizani, Azikiwe shi ne Shugaban Ƙasa na farko. Masu kafa hujja da rashin ikonsa suna amsa wata tambaya ce daban, wato wa ya riƙe gwamnati.

Kammalawa

Abin da ya kamaci malamai da masu fassara shi ne su raba sunayen. Tafawa Ɓalewa shugaban gwamnati ne, Azikiwe shugaban ƙasa ne na jeka-na-yi-ka, Shagari kuwa shi ne zaɓaɓɓen shugaban ƙasa mai cikakken iko na farko. Janar Ironsi da waɗanda suka biyo shi daga 1966 shugabannin mulkin soja ne, ko da yake Janar Babangida ya ari laƙabin farar hula a 1985. Muddin muka ci gaba da kiran su duka da suna guda, ɗalibi zai haddace jerin sunaye ba tare da ya gane sau nawa tsarin mulkin ƙasarsa ya sauya ba.