Ranar Girkin Mara Lafiya: Tarihin Kula da Maƙwabci a Cocin Katolika

'Yan'uwana mata, iyayenmu da yayyenmu da ƙannenmu da ke sauraronmu a cikin gidaje, daga nan Birniwa har Malam Madori, Hadeja, Guri da Kiri Kasamma.  Uwargida, a rage wutar murhu, a jawo rediyo kusa.

Duk wadda ta taɓa zaman jinya a babban asibiti, ko a Dutse ko a Kano, mai yiwuwa ta ga wasu mata Kirista sun shigo cikin anko, da kular abinci da sabulu, suna bin gado-gado suna yi wa marasa lafiya sannu. Sai ki ji ana tambaya, 'yan'uwan wace ce waɗannan? To, sau da yawa ba su da kowa a ɗakin. Ƙungiyarsu ta coci ce ta turo su, domin ranar ta zagayo kansu.

Yau za mu bi tarihin wannan al'ada a ɗarikar Katolika. Ba wa'azi muka zo yi ba, kowa da addininsa. Amma maƙwabtanmu ne, muna haɗuwa a awo, a kasuwa, a makarantar yara, kuma yana da kyau mu san abin da aka koya musu game da maƙwabci. Sannan akwai darasi guda a cikin tarihin nan da ya shafi kowace mace mai tukunya a kan wuta.

Mu fara da koyarwar kanta. Kiristoci sun riƙe cewa dokokin addininsu duka sun taru a kan abu biyu: ƙaunar Allah, da ƙaunar maƙwabci kamar yadda mutum ke son kansa. A Linjilar Luka, sura ta 10, sun ruwaito cewa wani masanin shari'a ya nemi Annabi Isa, alaihis salam, wanda su suke kira Yesu Almasihu, ya fayyace masa ko wane ne ake nufi da maƙwabci. Sai ya ba shi labarin wani matafiyi da 'yan fashi suka tare a hanyar da ta tashi daga Birnin Ƙudus zuwa Yariko, suka yi masa jina-jina, suka yar da shi a bakin hanya. Manyan ma'aikatan ɗakin ibada biyu suka zo ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya gan shi ya ratse. Na uku Basamariye ne, daga mutanen da ba sa ga maciji da Yahudawa. Shi ne ya tsaya, ya ɗaure masa raunuka, ya ɗora shi a kan dabbarsa, ya kai shi masauki. Washegari ya bar wa mai masaukin kuɗi, ya yi alkawarin zai dawo ya cika abin da aka ƙara kashewa.

Ki lura da abu biyu, 'yar'uwa. Wanda ya yi taimakon bare ne, ba ƙabila ɗaya ba, ba ɗakin ibada ɗaya ba. Kuma taimakonsa bai ƙare a ranar ba, ya yi tanadin gobe da jibi. Daga irin wannan koyarwa Cocin Katolika ta jera ayyukan jinƙai guda 7 da ake koya wa yara tun suna ƙanana: ciyar da mayunwaci, shayar da mai ƙishi, tufatar da mara sutura, saukar da baƙo, gaida mara lafiya, ziyartar ɗan kurkuku, da binne mamaci. Wurin da ake aikata su shi ne abin da suke kira farish, wato coci guda tare da unguwanni da ƙauyukan da ke ƙarƙashinta, da limaminta da ake kira Fada.

To amma faɗa daban, aikatawa daban. Yaya aka yi koyarwa ta zama aikin mako-mako? A nan mata suka shigo.

A watan Agusta na shekarar 1617, a wani ƙaramin gari mai suna Shatiyon a ƙasar Faransa, akwai wani Fada da ake kira Binsan na Fol. Wata ranar Lahadi, yana shirin shiga coci, aka gaya masa cewa akwai wani gida a bayan gari da kowa da kowa ke kwance ba lafiya, babu mai ko ɗebo musu ruwa. Ya yi maganar a cikin wa'azinsa. Da yamma ya kama hanya zai je dubiya, sai ya riƙa gamuwa da mata, wasu na tafiya, wasu na dawowa, kowacce da abin hannunta. Ya tarar abinci ya yi yawa a gidan.

Wani sai ya yi murna ya koma gida. Shi kuwa sai ya yi lissafi: abincin nan zai lalace cikin 'yan kwanaki, kowa zai ɗauka ya sauke nauyi, mutanen gidan su koma gidan jiya. Tausayi akwai shi, abin da babu shi ne tsari. Saboda haka ya tara wasu matan garin, suka amince kowacce ta ɗauki rana guda, ita za ta dafa, ita za ta kai, gobe wata ta karɓa. Uwargida, ai kin gane, ranar girki ce aka yanka wa mara lafiya. A watan Disamba na wannan shekara aka tabbatar da ƙungiyar da dokokinta a rubuce, da shugaba da ma'aji.

A cikin dokokin akwai wata da ta cancanci a tsaya a kanta. An ce wa mai ranar ta fara kai abinci gidan da mara lafiya ke da mai jinya, ta bar wanda ba shi da kowa a ƙarshe, domin ta samu damar zama da shi ta daɗe, su yi hira. Wato sun gane cewa kaɗaici ma ciwo ne.

Irin waɗannan ƙungiyoyi suka bazu a farish-farish na Faransa. Da abin ya isa babban birnin Faris, matan masu hali suka fara tura barorinsu a madadinsu, aikin ya fara sanyi. Sai 'yan matan ƙauye suka fito suka ce su za su yi. Ta farkonsu, Margarit Nazo, makiyayiya ce da ta koya wa kanta karatu tana kiwon shanu. Ta rasu a 1633 bayan ta ɗauki annoba daga wata mara lafiya da ta saukar a ɗakinta. A ƙarshen wannan shekara wata mata da mijinta ya rasu, Luwiz ta Mariyak, ta tara irin waɗannan 'yan mata a gidanta tana horar da su, aka samu ƙungiyar Sistoci masu shiga unguwa-unguwa suna jinya. Shekara 200 bayan haka, a 1833, wani ɗalibin jami'a ɗan shekara 20, Firedarik Ozanam, da abokansa suka kafa ƙungiyar da suka sa wa sunan Fada Binsan. Wata Sista mai suna Rozali ce ta nuna musu gidajen matalauta, ta koya musu yadda ake shiga gidan mabuƙaci ba tare da an kunyata shi ba. Wannan ƙungiya tana nan a coci-cocin Katolika na Nijeriya, 'ya'yanta kan tsaya da akwati a ƙofar coci ranar Lahadi, su raba abin da aka tara ga gwauraye da marayu da tsofaffi.

Yanzu mu dawo gida. Yaya abin ya zo ƙasarmu? Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addinin jama'a ba, don haka aka daɗe ana taƙaita 'yan mishan a ƙasashen sarakunan Musulunci. Fadannin Katolika sun kafa mazauninsu a Shendam, a Jihar Filato ta yau, a 1907. A Kano kuwa a Sabon Gari suka zauna, suna kula da baƙi 'yan kudu. Da layin dogo ya tashi daga Kano ya biyo ta Malam Madori da Birniwa ya isa Nguru a 1930, ma'aikatan jirgi da masu sayen gyaɗa suka zo garuruwan tasha da iyalansu da addininsu. A 1948 Sistocin Sen Luwis daga ƙasar Ailan suka sauka Kano suka shiga aikin karantar da yara, kuma mata da yawa, Musulmi da Kirista, sun yi karatu a hannunsu. A 1999 Kano ta zama cikakkiyar dayosis, wato yankin da Bishop guda ke shugabanta, kuma Jihar Jigawa na cikinta. Kada a haɗa su da mishan ɗin SIM, wanda ya zauna a Garun Gabas nan kusa da mu, ya riƙe asibitin kutare na Yadakunya, ya buɗe asibitin ido na Kano a 1943. Su wata ɗarika ce daban, cocinsu shi ne ECWA.

Na san akwai mai cewa, to ai duk wannan alheri tarko ne na jan mutane zuwa addininsu. Tambaya ce mai tushe, kuma iyayenmu ba su yi tsoro a banza ba. 'Yan mishan na zamanin Turawa ba su ɓoye ba, suna fatan asibiti da makaranta su buɗe musu ƙofar wa'azi, shi ya sa gidaje da yawa suka hana 'ya'yansu zuwa. Sai dai ita kanta cocin ta yi magana a kan wannan daga baya. A 1965 babban taron Bishop-bishop na duniya a Batikan ya fitar da matsaya cewa a dubi Musulmi da girmamawa, a haɗa hannu da su wajen adalci da zaman lafiya. A wasiƙar da Fafaroma Benedik na 16 ya sa wa hannu a ƙarshen 2005, ya ce bai halatta a mai da taimako hanyar farautar mabiya ba, kyauta ake yin sa. Ko kowa ya bi wannan a aikace, aikin mutum shi ke ba da shaidarsa.

Ga shaida ɗaya daga Adamawa. A 2014, lokacin da Boko Haram ta kama Madagali da Michika da Mubi, dubban mutane suka kwararo Yola, Bishop Stephen Dami Mamza ya buɗe musu harabar babbar cocin Sen Teresa. Yawancin su sun koma gida daga baya, amma wasu iyalai ba su da inda za su koma. Shekaru suka wuce cocin na riƙe da su, har a 2021 aka buɗe musu gidaje 86 a Sangere-Marghi, da makaranta da coci. Da yake akwai Musulmi a cikinsu, aka gina musu masallaci. Wasu Kiristoci sun soki Bishop ɗin a kan masallacin, bai janye ba. Shekara bakwai ke nan ana ciyar da baƙi, kin ga wannan ya wuce tausayin rana ɗaya.

A ƙasa kuwa, a cikin farish, mata ne dai ke ɗauke da kayan. A Arewa ana kiran ƙungiyarsu Zumuntar Mata, da Hausa suke taronsu da waƙoƙinsu. Suna haɗuwa a kai a kai, kowacce ta jefa ɗan abin da ta samu a asusu, a tambayi wa ta haihu, wa ke kwance, wa aka yi wa rasuwa, a raba wa zai je ina. A Kaduna, bayan rikice-rikicen da suka raba unguwanni, wata Sista 'yar Ailan, Kathleen McGarvey, ta jagoranci kafa majalisar da ta haɗa ƙungiyoyin mata Musulmi da Kirista a 2010, domin sun ga cewa idan gari ya kama da wuta, mace ce ke kwana da marayu ko ta wane addini ce.

To, mu a nan fa? Haƙƙin maƙwabci ba baƙon abu ba ne a wurinmu, tun muna makarantar allo muke jin sa. Tsari ma ba baƙo ba ne, Nana Asma'u 'yar Shehu ta tsara 'Yan Taru da jajinsu, suka kai ilimi har cikin ƙauyuka. Adashi muna yi, gudummawar biki ba ta wuce mu. Inda muke sakaci shi ne bayan kwana bakwai. Ku tuna ambaliyar 2022, da ruwa ya ci gidaje da gonaki a Auyo da Kafin Hausa da Hadeja da Guri, mutane suka koma kwana a azuzuwan makaranta. Makon farko kwanuka kan yi ta shiga, wata biyu bayan nan kuma fa? Haka gidan rasuwa yake. Ranar uku da ta bakwai tuwo har ya kwana, mai takaba kuwa wata huɗu da kwana goma za ta yi, kuma yaranta kullum sai sun ci.

An ce zumunta a ƙafa take, amma wadda ba ta fita ma tana da ƙafa: yaron aike, da wayar hannu, da katangar da ake miƙa kwano ta samanta. Idan gidaje bakwai a layinku suka yarda, da sanin masu gida, kowane gida ya ɗauki rana ɗaya a mako, ludayi biyu kawai za a ƙara a kan abin da aka saba dafawa. A samu wadda za ta riƙe lissafin ranaku, don kada kowa ta zaci wata ta kai. A fara da wadda ba ta da kowa a garin, ko matar ma'aikacin da aka yi wa canjin aiki daga nesa, ko ta wane addini ce. In an aika yarinya da kwanon, a ce ta ɗan zauna ta share mata ɗaki kafin ta dawo.

A nan za mu dasa aya a shirinmu na yau. Wadda ke da irin wannan tsari a unguwarsu, ta aiko mana da wasiƙa ko saƙo mu karanta wa 'yan'uwa su koya. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya bar mu da maƙwabtanmu lafiya. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.