'Yancin Kafa Ƙungiya da Iyakarsa: Darasi daga Kudancin Jigawa

Masana falsafar 'yancin ɗan'adam sun daɗe suna muhawara a kan inda haƙƙin haɗuwa a ƙungiya ya tsaya. A 1859, John Stuart Mill na Ingila ya nuna cewa baligai na da damar haɗa kai a kan kowace manufa, muddin ba za a cuci wani ba. Wannan maƙala na ganin cewa cutarwa ce kaɗai iyakar da ta halatta, kuma tarihin Birnin Kudu da Gwaram ya gaskata hakan.

Lokacin da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, gundumomin biyu suna ƙarƙashin Masarautar Kano, inda taron siyasa ke buƙatar izinin En'e, alƙalai kuma ke ɗaure masu saɓawa. Iyakar wancan zamani ɓacin ran mai mulki ce. A 1989 gwamnatin Babangida ta ƙi amincewa da ƙungiyoyin da 'yan siyasa suka kafa, ta ƙirƙiro jam'iyyun SDP da NRC. Sule Lamido na Bamaina da ke Birnin Kudu, wanda ya je majalisar wakilai a 1979 a tutar PRP, ya zama sakataren SDP na ƙasa. Amma gidan da hukuma ta gina, ita ta rushe shi a 1993.

Sashe na 40 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba da 'yancin kafa ƙungiya, sashe na 45 ya yarda a taƙaita shi saboda tsaro da zaman lafiya. Haɗarin yana nan, domin kalmar tsaro riga ce mai faɗi. Shi ya sa hukuncin Kotun Ƙoli na 2002, a ƙarar Balarabe Musa, ke da nauyi: hukumar zaɓe ba ta da ikon ƙara wa jam'iyyu sharuɗɗan da tsarin mulki bai tanada ba.

Wani zai ce ita ma ƙungiya tana iya zalunci. Gaskiya ne. Matan da ke adashe a Gwaram na da damar zaɓar abokan zubinsu, domin wadda aka ƙi ba ta rasa haƙƙinta na 'yar ƙasa ba. Jam'iyya kuwa mulkin kowa take nema, don haka sashe na 222 ya hana ta rufe ƙofa saboda ƙabila, addini ko jinsi. Gwargwadon kusancin ƙungiya da mulki, gwargwadon nauyin da ke kanta. Hukuma kuma, kafin ta hana taro, wajibi ne ta nuna wanda za a cuta.