Vandana Shiva, matar da ta yi shari'a a kan darbejiya

'Yan'uwana ɗaliban Arewa da ke karatu a nan Kudu, musamman ku 'yan sashen noma da ba ku gajiya da musu kan irin da aka sauya wa ƙwayar halitta. Sunan wata mata yana yawan fitowa a musun nan, kuma na lura da yawanmu sunan kawai muka sani.

An haifi Vandana Shiva a 1952 a Dehradun, can gindin tsaunukan Himalaya na Indiya. Babanta ma'aikacin gandun daji ne, mamarta manomiya. Fiziks ta karanta a Jami'ar Panjab, ta wuce Kanada ta yi digiri na uku. A shekarun 1970 ta shiga gwagwarmayar Chipko, inda matan ƙauye ke rungume bishiyoyi don kar 'yan kwangila su sare su. Daga nan fa ba ta sake komawa fiziks ba.

A 1984 iskar guba ta tsiyaye daga masana'antar maganin ƙwari ta Union Carbide a Bhopal, dubban mutane suka mutu. A shekarar ce kuma jihar Punjab, wadda ake taƙama da ita wajen noman zamani, ta rikice da zubar da jini. Ita Shiva cewa ta yi a duba gonakin. Sabon irin alkama yana ba da yabanya, gaskiya ne, amma sai da takin zamani da feshi da ruwa mai yawa. Manomi ya ci bashi, ƙasa ta gaji, ruwan rijiya ya yi ta ja da baya. A 1991 ta kafa Navdanya, wato "iri tara", suna tattara irin gargajiya a rumbunan ƙauyuka suna raba wa manoma.

Abin da ya fi burge ni shi ne shari'ar darbejiya. E, dogon yaron nan dai na ƙofar gidajenmu, asalinsa ai daga can yankin Indiya aka kawo mana. A 1994 ofishin haƙƙin mallaka na Turai ya ba kamfanin W.R. Grace da ma'aikatar noma ta Amurka mallakar wani maganin feshi da ake haɗawa da man 'ya'yan darbejiya. Shiva da abokan tafiyarta suka ce ina! Manoman Indiya sun gaji wannan sanin tun kaka da kakanni, ya za a yi wani ya ce shi ya ƙirƙiro? Aka soke mallakar a 2000, aka ɗaukaka ƙara, a 2005 aka tabbatar da sokewar. Shekara goma ana abu ɗaya. Ku tuna kakanninmu ma da ganyen nan suke kare hatsi daga ƙwari.

Amma kar mu mai da ita waliyyiya. Ta ɗora alhakin kashe kai da manoman Indiya ke yi a kan audugar Bt da aka amince da ita a 2002, masu bincike da dama kuwa sun ce alƙaluma ba su nuna haka ba, matsalar ta riga audugar zuwa. Sannan tana cikin masu goyon bayan Siri Lanka ta koma noma ba takin zamani. A 2021 gwamnatin ƙasar ta hana shigo da takin lokaci guda, shinkafa ta yi ƙasa sosai, cikin watanni aka janye dokar. A ganina a maganar mallakar iri tana da gaskiya, a maganar taki kuwa ta zafafa.

Mu ma musun ya iso gida. A 2019 cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya ta fitar da waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsar da ke huda kwanson wake. Wanda duk aka shuka shi a gidansu, don Allah ya gaya mana: sau nawa aka yi feshi, kuma an ajiye iri ko an sake saye?