Mahaƙa Kwal da Algaitar Sikotland: Tarihin Ƙungiyar Shotts

Duk wanda ya taɓa ganin mabusan Sikotland a talabijin, sanye da zanen ɗaurawa mai ratsi-ratsi suna takawa a jere, hankalinsa yakan tafi ga sojan Birtaniya ko ga tsaunukan arewacin ƙasar. Tarihin gasar duniya ta wannan busa kuwa yana nuna wani wuri dabam, wato garuruwan 'yan ƙwadago na kudu, inda ake haƙar kwal da narka ƙarfe. Cikinsu babu wanda ya kai Shotts suna. Ƙaramin gari ne a gundumar Lanarkshire ta Arewa, kusan tsakiyar hanya tsakanin Glasgow da Edinburgh, kuma ƙungiyarsa mai suna Shotts and Dykehead Caledonia ta ci kofin duniya sau 16. A ganina labarinta hujja ce cewa talakawan gari ne suka kai wannan kiɗa ƙololuwarsa, da kuɗin aljihunsu da lokacin hutunsu.

Kayan busar 'yar'uwar algaita ce. Mai algaita a ƙasar Hausa kumatunsa ne ma'ajin iska, shi ya sa sautinsa ba ya yankewa, na Sikotland kuwa salkar fata yake maƙalewa a hammata, yana hura mata iska yana matsawa. Bututu uku da ke kan kafaɗarsa suna riƙe amo ɗaya, na huɗun da yake dannawa da yatsu shi ke fitar da waƙa, kuma sauti tara kacal gare shi. Wahalar tana nan: a haɗa mutum ashirin ko fiye, kowa da salkarsa da ke sauya murya idan an yi zafi ko ruwa, a sa su fito kamar baki ɗaya, ga kuma makaɗan ganguna a bayansu. Wannan aiki ne na shekaru, sai mutanen da ke haɗuwa mako-mako ba fashi, kuma garin mahaƙa yana da irinsu. A rami ɗaya suke aiki, a layin gidaje ɗaya suke kwana, sun kuma saba karo-karo, domin a garuruwan kwal da yawa daga albashin ma'aikata ake cire ɗan abin da ke riƙe ƙungiyar kiɗan garin.

An kafa ƙungiyar a 1910 ƙarƙashin Dugald MacFarlane, lokacin da ramukan kwal suka kewaye Shotts ta kowace kusurwa. Tasowarta ta gaske ta zo ne da gidan MacAllister. Tom MacAllister ya karɓi ragamar sarkin busa tun kafin Yaƙin Duniya na Biyu, ya fito da ita daga ƙananan rukunoni zuwa na ɗaya, ya ci kofin duniya a 1948 da 1952. Ɗansa John ya gaje shi ya ci sau huɗu a jere, daga 1957 zuwa 1960, sannan wani ɗan nasa, Tom ƙarami, ya ƙara huɗu a 1970 da 1973 da 1974 da 1980. Kofi goma ke nan daga gida ɗaya, abin da Bahaushe zai gane nan take, don ya san yadda sana'ar kiɗa ke bin gado. A ɓangaren ganguna akwai Alex Duthart, maƙeri a masana'antar ƙarfe ta yankin, wanda ya shigo a 1957. Ya saurari salon makaɗan birnin Basel na Suwizalan da na jaz, ya ɗebo abin da ya dace, ya mai da ƙaramar ganga abokiyar waƙa maimakon mai ƙirga taku kawai. Har yau makaɗan wannan fanni a ko'ina a duniya kan tafarkinsa suke.

Kuma Shotts ba ita kaɗai ba ce. Da hukumar ƙungiyoyin busa ta Sikotland, wadda aka kafa a 1930, ta shirya gasar duniya ta farko a hannunta a 1947 a Edinburgh, mahaƙan Bowhill na yankin Fife ne suka ɗauke kofin. Ƙungiyar Muirhead and Sons, ta wani kamfanin katako a Grangemouth, ta riƙe shi shekara biyar a jere daga 1965 zuwa 1969. Dysart and Dundonald, ita ma daga ƙasar kwal ta Fife, ta ci a 1977 da 1978.

Mai ja zai ce ai soja ne ya ƙirƙiro abin, kuma yana da gaskiya. A cikin rundunonin Birtaniya na ƙarni na 19 aka fara haɗa busa da ganguna, a 1854 aka amince da mabusa a hukumance a rundunonin 'yan tsaunuka, kuma tufafin da takun da muƙaman duk daga bariki suka fito. Zai ƙara da cewa ƙungiyar 'yan sandan Glasgow ta fi Shotts kofuna, tana da 20. Sai dai soja buƙatarsa kiɗan maci ne da na biki, yana sauya mutanensa daga wannan sansani zuwa wancan, don haka gyaran sauti da sababbin salon ganga a fagen gasar farar hula suka bunƙasa. 'Yan sanda kuwa suna da hukuma a bayansu mai ba da aiki da albashi, abin da ke jawo ƙwararru. Idan har mutanen da ke fitowa daga rami da ƙura a huhu suka yi kafaɗa da kafaɗa da su tsawon shekaru, nasarar 'yan sandan ƙara wa mahaƙan daraja take yi.

Ja na biyu ya fi nauyi. Ramin ƙarshe na Shotts an rufe shi tun shekarun 1960, kuma bayan yajin aikin mahaƙa na 1984 zuwa 1985 sana'ar kwal ta durƙushe a Birtaniya baki ɗaya. Amma ƙungiyar ta ci gaba da cin kofi: biyar ƙarƙashin Robert Mathieson tsakanin 1994 da 2005, tare da Jim Kilpatrick a kan ganguna, sai na 2015 ƙarƙashin Ryan Canning, mutumin Ireland ta Arewa. Manyan ƙungiyoyi yanzu daga nesa suke tara mutane, har da na ƙetare, kofin ma ya fara barin Sikotland a 1987 da 78th Fraser Highlanders ta Kanada ta ɗauke shi. To ina sauran gari a ciki? Ba zan musa cewa an yi asara ba, domin ƙungiyar da maƙwabci ke jin gwajinta ta taga ta bambanta da wadda mambobinta ke zuwa a jirgi. Abin lura shi ne Mathieson da Kilpatrick daga ƙungiyar mahaƙan Polkemmet suka dawo Shotts, wato tarbiyyar garin kwal ce ta ci gaba da ciyar da ita shekaru bayan kwal ɗin ya ƙare.

Waɗanda suka taso daga baya ma ta ƙofar gari suka shigo. Stuart Liddell ya fara da yaran makaranta a ƙaramin garin Inveraray a farkon shekarun 2000, suka yi ta hawa rukuni bayan rukuni har suka ci kofin duniya a 2017. Boghall and Bathgate, da aka kafa a 1972 a Lothian ta Yamma, ta shafe shekara hamsin tana koyar da yaran unguwa tana ɗaga su daga ƙaramar ƙungiya zuwa babba, kafin ta ci nata na farko a 2023 a filin Glasgow Green, inda ake yin gasar a watan Agusta.