Tarihin guzurin mai gaggawa

Ƴan uwa, a kantunan birni ana sayar da wani ɗan abinci cikin leda, siffarsa kamar sabulu. Wai yana tsayawa a madadin abincin rana ga wanda aiki ya yi wa yawa. Ga asalinsa.

Tun zamanin da, mutanen farko na Amurka ta Arewa suna shanya naman ɓauna, su daka shi, su cuɗa da kitse. Guzurin tafiyarsu ke nan, ɗan uwan kilishinmu.

A shekara ta 1986, Brian Maxwell, ɗan tseren gudu na Kanada, ya fara sayar da nasa a Kaliforniya. Sunansa PowerBar. Don masu tsere aka yi shi. Daga baya ma'aikatan biro suka kama ci.

Guda ɗaya yakan ƙunshi giram 10 zuwa 20 na abin gina jiki. Amma da yawa sukari ya cika su, ga tsada. Ba ya riƙe cikin manomi har la'asar.

Ranar da aiki ya matsa, ƙuli-ƙuli da fura da nono sun ishe ka. Su ma suna gina jiki. Kada ka sayar da tiyar hatsinka saboda kyan leda.