Daga Askar Wanzami Zuwa Takardar Sa Hannu: Wa Ke Ɗaukar Alhakin Majiyyaci a Ƙasar Dutse?

A ƙasar Dutse, tun daga Jahun da Kiyawa har Birnin Kudu da Gwaram, mai fiɗa na farko da ɗan Adam ke haɗuwa da shi wanzami ne. Ranar suna zai iso da zabirarsa, ya yi wa jariri aski, ya cire masa beli, a wasu gidajen ya yi tsagar gado. In yaro ya kai shekara bakwai ko takwas, sanyi na shigowa za a tara su a yi musu kaciya. Babba kuma in jiki ya yi nauyi a kafa masa ƙaho, in ƙurji ya nuna a yi masa sakiya. Duk wannan aikin jini ne, kuma an yi ɗaruruwan shekaru ana yin sa ba takarda, ba sa hannu, ba lasisi.

Amma ba a yi shi kara zube ba. Wanzanci gado ne, yaro yakan daɗe yana riƙe wa ubansa zabira kafin a bar shi ya taɓa kan mutum. Kowane gida da wanzaminsa, kuma abin kunya ne wani ya shiga gidan da ba nasa ba. Sarkin Aska ke raba gardama tsakaninsu, ya tsawata wa wanda ya yi ganganci. Abin da wanzami ya gani a cikin gida, a nan yake barin sa. Haka ungozoma take, haka maɗori, wanda sau da yawa ba ya yanka kuɗi, sai abin da aka ba shi. Babban hukuncin mai sakaci shi ne a daina kiran sa, kuma a ƙauyen da kowa ya san kowa wannan ba ƙaramin hukunci ba ne.

Bayan al'ada akwai fiƙihu. Da jihadi ya kafu a farkon ƙarni na 19, Dutse ta zauna ƙarƙashin Sarkin Kano, alƙalai kuma da mazhabar Malikiyya suke shari'a. Mazhabar ba ta yi shiru a kan mai magani ba. A cikin Muwaɗɗa, Imam Malik ya kawo mas'alar mai kaciya da askarsa ta zarce ta lalata yaro, ya ce akwai diyya, dangin mai askar ne za su biya, domin kuskure ne ba da gangan ba. Akwai kuma hadisin da Abu Dawud da wasu suka ruwaito, mai nuna cewa wanda ya shiga yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin ba, ɓarnar da ya yi tana wuyansa. Wato malamai sun raba tsakanin gwanin da ya yi kuskure da jahilin da ya yi karambani, kuma wannan rarrabewar ce lauyoyin yau ke kwana a kanta idan ana shari'ar sakacin likita. A Bagadaza, a shekarar 931, mutuwar wani majiyyaci a hannun mai magani ta sa Halifa Muƙtadir ya umarci Sinan ɗan Sabit ya jarraba likitocin birnin kafin a bar su su ci gaba da aiki. A nan gida, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da kansa ya yi rubuce-rubuce a kan magani, har da cutar basir.

Sai dai abin da ke cikin littafi daban, abin da ke kaiwa gaban alƙali daban. In yaro ya mutu bayan cire beli, abin da aka fi ji shi ne kwana ya ƙare. Wa zai kai ƙarar mutumin da ya yi wa ubansa kaciya? Yafiya halin kirki ce, amma ta rufe ɓarna mai yawa, kuma mata ne suka fi ɗanɗana kuɗarta. Yankan gishiri, da akan yi wa mace in naƙuda ta yi tsawo ko aka ce ba ta iya zaman aure, misali ne. Wani bincike da likita Tahzib ya wallafa a 1983, a kan mata 1,443 masu yoyon fitsari da aka gani a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya gano cewa kusan kashi 13 cikin 100 wannan yankan ne ya jawo musu. Da wuya a ce an nemi yardarsu kafin a sa aska.

Turawa sun ci Kano a 1903. Asibitocinsu na farko na kansu ne da sojojinsu da ma'aikatansu. Sai a ƙarshen shekarun 1920 En'e ta Kano ta sami babban asibitin cikin birni, wanda yau ake kira Asibitin Murtala. Gundumomi irin su Dutse sai ɗakin shan magani da malamin asibiti. Maganin Bature ya zo da amfani na gaske, amma da umarni ya zo. 'Yan lamba masu rigakafin agana, da duba-gari mai leƙa randa, da ma'aikatan ciwon barci masu jera mutane suna lalubar wuyansu, duk ta bakin hakimi da dagaci suke magana. A Anchau ta ƙasar Zazzau har tashin ƙauyuka aka yi a shekarun 1930 da 1940 don a raba mutane da ƙudan tsando. Ba wanda ya ga wajibcin yi wa talaka bayani. Labarin iyaye mata masu ɓoye 'ya'yansu a rumbu in an ce ga 'yan lamba nan, daga wannan zamanin ya samo asali.

Dokokin zamani sun zo tare da 'yancin kai. Dokar Final Kod ta Arewa, da ta fara aiki a 1960, ta kare mai maganin da ya yi aiki da kyakkyawar niyya kuma da yardar majiyyaci ko waliyyinsa. A 1963 aka kafa majalisar da ke rajistar likitoci, mai kotun ladabtarwa da za ta iya soke sunan likita. To amma wannan kotun ta yi wa mutumin Miga ko Buji nisa, kuma likitoci ne mafi yawan masu zama a cikinta, ga shi an ce wanzami ba ya son jarfa. Lokacin da Janar Babangida ya ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, damuwar sabuwar jihar ita ce ta sami likitan ma tukuna.

Shekara biyar bayan haka aka yi abin da ya canza maganar baki ɗaya.

A 1996 annobar sanƙarau ta mamaye Arewa, ta kama sama da mutum 100,000, ta kashe fiye da 11,000. Ana cikin haka kamfanin Pfizer na Amurka ya sauka a Asibitin Zana na Kano da sabon magani mai suna Trovan. An ɗauki yara kusan 200, rabi aka ba su sabon maganin, rabi aka ba su wanda aka saba da shi. Yara 11 suka mutu, biyar a ɓangaren Trovan, shida a ɗaya ɓangaren, wasu kuma suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Kamfanin ya tsaya a kan cewa cutar ce ta yi wannan ɓarnar, kuma ma'aikatan jinya sun yi wa iyaye bayani da Hausa sun amince da baki. Iyaye da yawa suka ce ba su san gwaji ake yi ba, sun ɗauka magani ne kawai, tunda likitocin agaji na MSF ma a harabar suke suna ba da magani kyauta.

Da jaridar Washington Post ta tono maganar a ƙarshen shekarar 2000, sai wata takarda ta zama abin magana: wasiƙar da aka ce kwamitin ɗa'ar bincike na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya bayar don amincewa da gwajin. A lokacin gwajin asibitin ba shi da irin wannan kwamiti. Kwamitin binciken da gwamnatin tarayya ta kafa a 2001, ƙarƙashin Dokta Abdulsalami Nasidi, ya gano cewa daga baya aka rubuta wasiƙar aka sa mata tsohon kwanan wata, ya kuma ce gwajin ya saɓa wa doka. Likitan da aka rubuta a matsayin jagoran binciken, marigayi Abdulhamid Isa Dutse, wanda daga baya ya shugabanci asibitin, ya shaida wa kwamitin cewa jagorancin nasa na suna ne kawai. Wannan bayanin ya fi komai nuna inda matsalar take: ƙwararren likita na gida, a tsakiyar annoba, ba kwamitin da zai koma gare shi, ba ƙa'idar ƙasa da zai kafa hujja da ita a gaban kamfani mai ƙarfi. Rahoton kansa sai da ya yi shekara biyar a ɓoye kafin ya fito a 2006. A 2009 kamfanin ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75 ba tare da amsa laifi ba, kuma sai a 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowanne, bayan gwajin ƙwayoyin halitta.

Ƙasa ta biya bashin wannan rashin amana da tsada. A 2003, da aka yaɗa cewa an gurɓata maganin rigakafin shan inna, masu wannan magana sun yi ta kafa hujja da Trovan. Kano ta dakatar da rigakafin har zuwa Yulin 2004, cutar ta bazu zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, kuma sai a Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da nau'inta na asali. Sarakuna da malamai, da bi gida-gida ana bayani, su suka dawo da mutane.

Daga wannan tarihin ne ɗa'ar aikin lafiya ta zama fannin karatu a Nijeriya. A Turai an riga an yi nisa: ƙa'idojin Nuremberg na 1947 da sanarwar Helsinki ta 1964 sun sa yardar mutum ta zama sharaɗin gwaji, kuma jami'o'in Ingila irin su King's College ta Landan da Manchester sun daɗe suna ba da digiri na biyu a kan ɗa'a da dokar aikin lafiya. A nan, Farfesa Clement Adebamowo ya jagoranci shirin horarwa a Jami'ar Ibadan wanda ya haifar da digiri na biyu a fannin, shi ne kuma ya shugabanci kwamitin ƙasa da ya fitar da ƙa'idojin ɗa'ar binciken lafiya a 2007. Daga baya Farfesa Zubairu Iliyasu na Jami'ar Bayero ya riƙe shugabancin kwamitin. Masu wannan karatun likitoci ne da lauyoyi da ma'aikatan jinya, suna nazarin yarda, da sirrin majiyyaci, da sakaci, da rabon abin da bai wadata ba: gado ɗaya, majiyyata uku.

Kotuna da majalisa su ma sun motsa. A 2001 Kotun Ƙoli, a shari'ar Dokta Okonkwo, ta yanke cewa baligi mai hankali na da ikon ƙin magani, ko da ƙarin jinin da zai ceci ransa ne. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar wanda ke cikin halin gaggawa, da tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida, ta kuma ce a yi wa majiyyaci bayani da harshen da yake ji, gwargwadon iliminsa.

In ana son ganin inda waɗannan dokoki ke karo da rayuwa, a je ɗakin haihuwa na Babban Asibitin Jahun, inda MSF ke aiki tun 2008 a kan haihuwa da yoyon fitsari. Ana kawo mata daga ƙauyuka masu nisa, wata da jijjiga, wata ta kwana biyu tana naƙuda. Likita ya ce sai an yi aiki. A doka, matar da ta balaga kuma tana cikin hayyacinta, yardarta ta wadatar. A al'ada kuwa sai ta ce a jira maigida, maigida yana kasuwar Shuwarin ko ya tafi cin rani, uwar miji kuma ta ce ba ta da ikon sa hannu. In haihuwar fari ce, kunya ma kan hana yarinyar buɗe baki. Likitan da ya yi gaban kansa zai iya ceton rai amma ya ja wa matar fitina a gidanta, wanda ya jira kuma zai iya rasa uwa da ɗa. Littafin da aka rubuta a Landan ba zai warware masa wannan ba. Wanda zai warware shi sai ya san dokar 2014, ya san abin da fiƙihu ya ce a kan lalura da ceton rai, ya kuma iya faɗa wa dattijo haka cikin ladabi: "Baba, rai ake magana, ku ba mu dama."

Wanzami ma bai tafi ko'ina ba. Har yau ana kiran sa ranar suna, sai dai tsoron ƙanjamau da ciwon hanta ya sa gidaje da yawa ke sayen sabuwar reza su miƙa masa. Dokar 2014 ta lissafa masu maganin gargajiya cikin tsarin lafiyar ƙasa, kuma a 2021 Jigawa ta sa hannu a dokar hana cin zarafin mutane da ta kare haƙƙin yara. Amma tsakanin Sarkin Aska da ma'aikatar lafiya har yanzu ba a ɗinke sosai ba.

Dutse ta yau tana da abin da ba ta da shi a 1996. Akwai Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, mai koyar da likitanci. Asibitin Rasheed Shekoni ya zama na koyarwa. Ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu, ƙari a kan kwalejin jinya da ke can da makarantar fasahar lafiya a Jahun. Inda aka sami asibitin koyarwa, masu bincike za su zo da takardunsu da kuɗinsu, kuma talakan Jigawa ne za a nemi jininsa. Jihar da ta iya tura ɗalibai har ƙasar Sin su karanto likitanci ba za ta gaza ɗaukar nauyin likitoci da lauyoyi da ungozomomi kaɗan su yi digiri na biyu a wannan fanni ba. Ya kamata gwamnati da jami'ar su yi hakan, da sharaɗin in sun dawo su zauna a kwamitocin asibitoci, su kuma mayar da takardar sa hannu zuwa Hausa da Fulfulde, da boko da ajami, yadda wanda zai dangwala yatsa zai san abin da ya yarda da shi.