Gidan Rawa na Afrika Shrine a Mushin

Afrika Shrine gidan rawa ne da makaɗi Fela Kuti ya buɗe a harabar otal ɗin Empire da ke Mushin a farkon shekarun 1970. Wurin yana daura da titin Agege Motor Road, wanda ya ratsa Mushin da Oshodi ya nufi Agege, tsohon zangon Hausawa fataken goro. Idi-Araba, wata unguwar Hausawan, ita ma ba ta da nisa. Gidan Fela, mai lamba 14 a kan titin, yana tsallaken hanya, shi ne wanda daga baya ya raɗa wa suna Jamhuriyar Kalakuta.

An buɗe Shrine ne a lokacin da Legas ke cikin zazzaɓin kiɗan zamani. Yaƙin basasa ya ƙare a Janairun 1970, kuɗin man fetur sun fara shigowa, samari kuma sun rungumi jita mai lantarki. Ƙungiyoyi irin su BLO da Monomono da Ofege suna kiɗan rok da aka gauraya da na gida. Ginger Baker, mai gangar ƙungiyar Cream ta Ingila, ya tare a Legas har ya kafa ɗakin naɗar waƙa a Ikeja. Fela kuwa ya dawo daga Amurka a 1970 da sabon salonsa na Afrobeat, ya koma wasa a gidan rawarsa na Afro-Spot da ke Yaba. Can ne makaɗan mawaƙi James Brown suka je kallonsa da suka zo Najeriya a ƙarshen shekarar.

Abin da ya sa zuwa Shrine ya zama dole ga mai son Fela shi ne wata ƙa'ida da ya ɗora wa kansa: in ya sa waƙa a faifai, to ya gama da ita, ba ya ƙara yin ta a bainar jama'a. Sabuwar waƙa ana iya shafe watanni ana jin ta a Shrine, yana ƙari yana ragi, kafin ta shiga faifai. Saboda haka wanda ya daɗe yana jin faifan Fela a Kano ko Fatakwal, ya yi tattaki zuwa Mushin don ya ji waƙar da ya haddace, ba zai ji ta ba ko ya roƙa. Abin da zai samu shi ne waƙar da ba ta isa kasuwa ba tukuna. Dabarar ba ta yi wa baƙo daɗi ba, amma ita ce ta riƙe 'yan gida, domin ba su da wani wurin jin sabon abu sai nan.

Wasan na dare ne sosai. 'Yan amshi da masu busa sukan fara, shi kuwa gogan sai tsakar dare ta wuce yake tsallako titi, jama'a na biye da shi. Waƙa ɗaya takan ci rabin sa'a. Tony Allen ke riƙe da ganguna, masu jita su kafa zubi ɗaya suna maimaitawa, masu busa su shigo, Fela ya yi ta kai-komo tsakanin piyano mai lantarki da sakso, sai can a tsakiya ya buɗe baki da turancin buroka. 'Yan mata na rawa a kan dakali masu tsayi, hayaƙin wiwi ya turnuƙe wurin, ba a tashi sai goshin asuba. Akwai daren da ya ware na yabis, inda yake ajiye kiɗa ya shiga caccakar gwamnati da manyan ƙasa, yana kama suna.

A 1973 mawaƙi Paul McCartney, wanda ya zo Legas naɗar faifan Band on the Run, ya je kallo. Ya sha faɗa daga baya cewa kiɗan ya sa shi hawaye. Wannan bai hana Fela zarginsa da zuwa satar kiɗan baƙar fata ba, sai da McCartney ya kunna masa abin da ya naɗa kafin maganar ta mutu. Lokacin bikin al'adun baƙar fata na FESTAC a 1977 Fela ya ƙaurace wa shirin gwamnati, ya ci gaba da nasa a Shrine, manyan baƙi irin su Stevie Wonder suka riƙa zuwa Mushin da dare.

An rufe bikin ranar 12 ga Fabrairu. Ranar 18 ga watan sojoji kimanin 1,000 suka kewaye Kalakuta, a daidai lokacin da waƙar Fela mai suna Zombie, wadda ta yi wa soja ba'a, ke tashe a gari. Suka lakaɗa wa mutanen gidan duka, suka banka masa wuta, har da asibitin ƙanen Fela, Dakta Beko. Mahaifiyarsa, Funmilayo Ransome-Kuti, aka jefo ta ta taga, ta rasu a Afrilun 1978. Kwamitin binciken gwamnatin Janar Obasanjo ya ɗora laifin a kan sojojin da ba a san ko su wane ne ba, gwamnati kuma ta ƙwace filin. Zaman Shrine a Mushin ya ƙare ke nan.

Fela ya sake kafa Shrine a titin Pepple da ke Ikeja, ya ci gaba da wasa a can da ƙungiyar Egypt 80 har kusa da rasuwarsa ranar 2 ga Agustan 1997. A 2000 'ya'yansa Yeni da Femi suka buɗe New Afrika Shrine a Agidingbi, inda ake bikin tunawa da Fela, Felabration, duk watan Oktoba. Shugaban Faransa Emmanuel Macron, wanda ya taɓa aiki a ofishin jakadancin ƙasarsa a Najeriya, ya ziyarci wurin a Yulin 2018.